Fanel ɗin da Lawali Ya Wanke

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a kasuwar Gwandu ya san Lawali Mai Dalma, ya kuma san ba a karɓo kaya a wurinsa ranar da aka kai. Ko waya ɗaya ce ta tsinke, sai ya kwance rediyon kaf, ya zaro fanel ɗin, wato koren farantin nan da ake jera ƙananan kayan wuta a kansa, ya wanke da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya taka benci ya shanya a kan kwanon rumfa. In ka yi magana ya ce kai ciwo ɗaya ka kawo, shi kuwa ya ga goma. Mutane suna mita, suna kuma dawowa, don abin da ya gyara ba ya saurin komawa.

Haifaffen Maruda ne, ɗan manomi, amma hauya ba ta taɓa zama a hannunsa ba. Yana ɗan shekara sha huɗu kawunsa ya kai shi Sakkwato ya damƙa shi ga wani tsoho da ya yi aiki a gidan rediyo, mutum mai tsananin tsabta da saurin hannu wajen mari. Tsohon nan yakan bi liƙin dalma da farce ɗaya bayan ɗaya, in ya ga guda bai yi sheƙi ba sai ya sa a narke duka a sake. Shekara bakwai Lawali ya yi a ƙarƙashinsa. Ya dawo Gwandu da mitar awon wuta, da ƙarfen dalma, da wannan ciwo na ƙin ganin datti a cikin na'ura, wanda bai taɓa warkewa ba. Matarsa Delu takan ce da za a ƙyale shi, ƙusoshin ƙofa ma sai ya zare ya wanke ya mayar.

Zamani ya yi ta juyawa, shi kuma yana biye da shi a baya yana haki. Daga rediyo mai kaset zuwa talabijin mai doro, daga nan bidiyo, yanzu kuma fitilar sola da fanka mai caji da lasifikar masallaci. Wayar hannu ce kawai ya ce ba ya taɓawa, wai idonsa ba ya kaiwa, ko da yake 'yan tsokana sun ce don ba a wanke ta da fetur ne. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi, kuma yakan faɗa ko ba a tambaye shi ba: shekara talatin da 'yan kai ba a taɓa miƙa masa cikin na'ura ya kasa faɗin ko na mene ne ba. Haka aka yi ta tafiya har bazarar bara.

Yana da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, Kubura, tana aure a Kalgo. Mijinta Jibrin ɗan gwanjo ne, yakan sauko da kwalayen tsofaffin kayan lantarki daga Kwatano, ya tsince masu rai ya sayar, matattun ya auna wa 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, a kilo. Ya yi 'yar gajeriyar jinya Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar Kubura, da ɗiya biyu mata, da ƙaninsa Zayyanu, da gida mai ɗaki uku. Ban da gidan nan, wallahi, babu wani abin kirki.

Da Kubura ta fita takaba aka kira Malam Muhammad Sani, wanda ke raba gado a unguwar. Ya yi bayani a fili: tun da babu ɗa namiji, Zayyanu yana da rabo, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Kada a ɗauki alhakin Zayyanu, ba mugu ba ne. Shekara biyu a jere ambaliya tana cinye masa shinkafa a fadama, yana bukatar haƙƙinsa. Gida kuwa ba ya yankuwa. Ko dai a samu abin da za a sallame shi da shi, ko a sayar da gidan a raba, Kubura da 'ya'yanta su nemi wurin zama. Malam ya ba da wata guda.

Ana cikin fito da kayan mamaci aka tarar da wani fanel a ƙasan akwatin tufafinsa, naɗe cikin tsohon rawani. Kubura ta ce ta san shi, Jibrin ya taɓa ce mata wannan ba na kilo ba ne, bai ƙara komai a kai ba. Malam ya ce ba a raba gado da sauran abu ɗaya da ba a san ƙimarsa ba, ko da allura ce. Kowa a zauren ya ce a kai wa Lawali.

Ranar kasuwa Kubura ta shigo bas ta taho Gwandu da kanta. Suka gaisa, ta kwance rawanin a kan teburinsa.

"Yaya, ka duba muna wanga abu. Malam ya ce sai ka faɗi ko mi ne, da abin da zai yi a kasuwa."

Lawali ya maƙala tabarau yana murmushin wanda aka kawo wa aikin da ya saba. Murmushin bai daɗe ba. Faɗin abin bai wuce littafin rubutun ɗan makaranta ba, ƙura ta yi masa kanta. Akwai manyan aisi guda huɗu, baƙaƙen 'yan tubalan nan masu ƙafafu da yawa, kowanne an manna masa 'yar takarda a baya da ta koma ruwan ƙasa, an yi rubutu da biro, wasu lambobi, wasu kuma zane-zanen da ba boko ba, ba ajami ba. A gefe akwai bakin soket biyu masu ramuka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wayoyi tara, sirara, ja da shuɗi, da wani ya liƙa da hannu suna tsallake juna, dalmar dunƙule-dunƙule, ko ɗaya babu mai sheƙi.

"Wane ɗan koyo ya yi wanga aika-aika?" in ji Lawali.

"Na mi ne, Yaya?"

Ya juya shi. Ba na talabijin ba ne, babu wurin kama tasha. Ba na bidiyo ba ne, babu inda kaset zai bi. Ya ɗora mita nan, ya ɗora can, allura ta motsa yadda ta ga dama. Ya nemi sunan kamfani, babu, sai wata lamba. Zufa ta fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Kalmar nan ta "ban sani ba" ta taso har maƙogwaro, ya haɗiye ta.

"Bar mani shi kwana biyu. Irin wanga ba a yi masa gaggawa."

Kafin la'asar rabin layin ya san Lawali ya gamu da abin da ya gagare shi, kuma kowa ya zama gwani. Mai shayi ya rantse cikin jirgin sama ne. Wani direba ya ce ya taɓa ganin irinsa a injin asibiti. Ɗan gwangwan ya ɗaga a tafin hannu ya yi tayin kuɗin da bai wuce na sabulu ba, ya tafi, can kuma ya dawo yana raɗa wai ya ji ana samun jan makuri, sinadarin nan da ake cewa ya fi zinariya tsada, a cikin irinsu, ya ninka tayinsa sau goma. Wannan ya ƙara rikita Lawali, don bai san ko mutumin wawa ne ko shi ake so a mayar wawa ba. A gida Delu ta leƙa rubutun takardun ta ja da baya, ta ce ita dai kada a kwana da shi a ɗakinta.

Kwana biyu suka zama biyar. Ranar ta shida Allah ya kawo Malam Abdulrasheed, mutumin Dalijan da ke koyar da kwamfuta a jami'ar da ke wajen Kalgo, ya kawo fitilar solar mahaifiyarsa gyara. Idonsa ya faɗa kan fanel ɗin, ya ajiye fitilar a ƙasa bai ma san ya ajiye ba.

"Malam Lawali, ina ka samo wannan?"

"Ka san shi?"

"Waɗannan soket biyun, nan ake jona hannun gem. Tsohuwar na'urar gem ce ta Japan, irin wadda ake haɗawa da talabijin, ta kai shekara talatin da wani abu."

Gaban Lawali ya faɗi. Gem! Abin wasan yara! Shi ke nan, gidan Kubura ya tafi. Amma Malam Abdulrasheed bai ɗago kai ba, yana ta bin wayoyin nan tara da ido. Ya ce wanda ake sayarwa a kanti ba ya zuwa da waya liƙe da hannu, ba ya zuwa da rubutun biro. Wannan ya yi kama da na gwaji, wanda injiniyoyin kamfani ke haɗawa su yi ta gyarawa kafin a buga na kasuwa. Ƙalilan ake yi, yawanci a farfasa su bayan an gama. Akwai mutane a ƙasashen waje da ke neman irinsu ido rufe.

"Yana aiki ke nan?" in ji Lawali.

"Wataƙila ba ya yi."

"To su yi mi da shi?"

"Su ajiye."

"Su ajiye su yi mi?"

"Su riƙa kallo, Malam Lawali. Tarihi ne."

Lawali ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ikon Allah! Mutum da hankalinsa ya fitar da kuɗi ya sayi mataccen fanel don ya zauna yana kallo. Bai gane ba, kuma bai yi ƙaryar ya gane ba. Malam Abdulrasheed ya ɗauki hoton gaba da baya a nan kan tebur, ya ce zai tura wa wani zaure na masu tara irin waɗannan kaya a intanet, su ne za su tantance. Ya ce washegari zai tafi Abuja taro na mako biyu, a ajiye abin sai ya dawo. Ya hau mashin ɗinsa ya tafi. Bai ce kada a taɓa ba, don bai taɓa zuwa masa a rai cewa akwai bukatar faɗa ba.

Bayan kwana uku ya bugo waya. Layin yana yankewa, amma Lawali ya tsinci abin da ya tsinta. Wai mutanen zauren sun kaure da gardama, ɗaya ya ce jabu ne, uku sun ce na gaske ne, har wani ya karanta rubutun takardun ya ce kwanan wata ne da lambar gwaji. Wani kuma ya faɗi abin da zai biya in an tabbatar. Ba zan faɗi adadin ba, kada a ce na ƙara gishiri. Ya dai isa a sallami Zayyanu, har a yi wa gidan sabon kwano.

Lawali bai iya riƙe maganar ba ko na awa ɗaya. Ya kira Kubura. Ya ji tana kuka tana sa wa Jibrin albarka. Ta aika wa Malam Muhammad Sani, Malam ya ƙara wa'adi da mako biyu, Zayyanu ya ce shi ma ya fi son haka, ba ya son a ce shi ya tashi marayu.

To, a nan ne abin ya faru, kuma ni dai har yau ban san wa zan ba laifi ba. Lawali ya zauna ya ƙura wa fanel ɗin ido, sai wani tunani ya soke shi. Hoton nan da aka tura Turai, a kan teburinsa aka ɗauka. Ga mitarsa a gefe, ga ƙarfen dalmarsa. Yanzu Turawa da mutanen Japan suna can suna kallon dunƙulen dalmar nan da ƙurar nan suna cewa aikin mai gyaran Gwandu ke nan. Kunya ta rufe shi har kunne. Ban da haka, wa ya taɓa kai rago kasuwa bai wanke shi ba? In sun yi wannan tayin a kan abu mai datti, me za su ce in sun gan shi fes? Dukiyar marayu ce, ya ga wajibi ne ya ƙara mata daraja da abin da Allah ya hore masa.

Ya rufe rumfa rabi, ya ce yau ba ya karɓar aiki. Wallahi bai taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba. Ya narke wayoyin nan tara ɗaya bayan ɗaya, ya maye gurbinsu da sababbi, launi ɗaya, a miƙe, kowane liƙi yana walƙiya. Ya cire kondensa biyar da suka kumbura ya sa sababbi daga aljihunsa. Sannan ya zuba fetur a murfin gwangwani ya kama buroshi. Takardun nan huɗu ba su yi gardama ba, suka jiƙe suka narke suka bi buroshi. A ƙarƙashin kowacce sai ga 'yar taga ta gilashi, zagayayya, a ciki wani abu yana ƙyalli da siraran zare kamar na zinariya.

"Allahu Akbar!" in ji Lawali. "Ashe kyawunsa aka rufe!"

Ya kira mai shayi ya gani, ya kira maƙwabcinsa tela. Kowa ya yarda yanzu abin ya yi kama da mai tsada. Ya ɗauraye da ruwan omo, ya taka benci ya shanya a kan kwano. Rediyo kwana uku yake yi a sama, don ruwa yakan ɓuya a ƙarƙashin aisi. Wannan kuwa babban baƙo ne, ba a yi masa rowar rana. Kullum da hantsi ya fitar, ya gyara masa zama tagogin suna fuskantar sama, da yamma ya sauke ya naɗe. Kwana goma sha biyu yana haka, a ranar bazarar Gwandu da ke sa kwano ƙara.

Malam Abdulrasheed ya dawo, bai ko biya gida ba ya zarce rumfar. Lawali ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗora fanel ɗin, ya ja baya yana jiran yabo. Malamin ya duba. Ya ƙara dubawa. Ya laluba benci da hannu ya zauna.

"Ba shi ba ne," in ji shi.

"Shi ne mana. Wanka ya yi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Lawali, ina takardun? Ina wayoyin?"

"Dattin? Na raba shi da su."

Malam Abdulrasheed ya dafe kai. Ya fara bayani a hankali. Wayoyin nan marasa kyau su ne hannun injiniyan da ya haɗa abin, su ne shaidar cewa na gwaji ne. Rubutun biron nan shi ne takardar haihuwarsa. Su ne abin da mutanen ke saye.

"Dakata," in ji Lawali. "Datti suke saye? Aikin ɗan koyo?"

"Ba ɗan koyo ba ne, wanda ya ƙirƙiri na'urar ne."

"To ai bai iya dalma ba!"

"Bai iya ba, amma tasa suke so."

Sai malamin ya nuna 'yan tagogin, ya tambaya a tsorace ko sun ga rana. Lawali ya ce kwana goma sha biyu. Malamin ya ce a cikin aisin nan akwai rubutu, umarnin da ke tafiyar da na'urar, irin na farko da ba a taɓa fitarwa kasuwa ba, wataƙila babu kwafinsa a ko'ina a duniya. An yi tagar ne don a riƙa goge rubutun da haske mai ƙarfi in ana son sake wani. Takardar ba ado ba ce, inuwa ce aka yi masa.

"Rana ta goge rubutu? Rubutun yana ina? Ni na leƙa, ban ga ko wasali ba."

"Ba a ganinsa da ido."

"Abin da ba a gani, ya aka yi ka san ya goge?"

Ba su sani ba, sai an gwada. Lawali ya fara zuwa gida a guje, inda yake kai tarkacen rumfa, ya zazzage kwandon shara ko tsofaffin wayoyin suna nan, Delu ta ce ta share ta ƙone tun makon jiya. Washegari suka shiga mota zuwa Birnin Kebbi wurin wani mai gyaran ƙwaƙwalwar mota da ke da na'urar karanta aisi. Aka ɗora na farko, allon kwamfuta ya cika da harafi ɗaya, F, F, F, layi bayan layi har ƙasa. Lawali ya ɗan ji sanyi, ya ce to ai ga rubutu nan. Mai gyaran ya ce a'a, Baba, haka wanda babu komai a cikinsa yake nunawa. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗun ne aka samu 'yan lambobi jefi-jefi, waɗanda ba za su amfana wa kowa komai ba.

Aka tura sabon hoto zauren. Mai tayin nan ya janye cikin ladabi. Wani ya ce zai karɓa a kuɗin da ko na mota zuwa Legas bai kai ba. Wani kuma ya yi dogon rubutu, Lawali ya ce a fassara masa, Malam Abdulrasheed ya mayar da wayar aljihu ya ce ba shi da amfani.

Ranar zaman rabon gado Lawali ya shiga bas ɗin Kalgo shi kaɗai, fanel ɗin a cinyarsa. Malam Abdulrasheed ya ce zai raka shi ya yi bayani, Lawali ya ce a'a. A hanya Shaiɗan ya zauna kusa da shi, ya nuna masa hanya mai sauƙi: ya ce Turawa sun sake dubawa sun ga jabu ne. Wa zai ƙaryata? Ya yi ta juya maganar har suka wuce Birnin Kebbi, ya ga ba zai iya haɗa ido da Kubura da ita a bakinsa ba.

Da hantsi aka zauna a zauren Jibrin. Malam Muhammad Sani a kan buzu, Zayyanu a gefe, dattawan unguwa biyu, Kubura daga bakin ƙofar cikin gida. Lawali ya kwance rawanin, ya ce, "Malam, abin ga ya kasance mai daraja, ya isa ya fanshi gidan nan. Ni na kashe shi da hannuna." Ya faɗi komai, fetur, buroshi, kwano, bai rage ba.

Malam ya karɓi fanel ɗin ya juya shi a haske. "Amma Lawali, ai yanzu ya fi kyau nesa ba kusa ba. Na gan shi ranar da aka fito da shi."

"Kyawun ne ya kashe shi, Malam."

"To bari mu bi a hankali. Da can yana aiki?"

"Ban sani ba. Wataƙila ba ya yi."

"Yanzu yana aiki?"

"Ba ya yi."

"Wani abu ya karye a jikinsa, ko ya ɓace?"

"Takarda huɗu da waya tara. Da rubutu."

"Wayar ka mayar da sababbi, ka ce. Rubutun kuma ka gan shi kafin ya goge?"

"Ba a ganinsa, Malam."

Malam ya dubi dattawa, dattawa suka dubi Malam. Zayyanu ya yi tsaki ya ce shi tun farko jikinsa bai ba shi ba, 'yan damfara ne kawai, sun yi tayi don su ja rai, da suka ga abin ya yi kyau za a ƙara masu kuɗi sai suka ƙirƙiro zancen rana. Ɗaya dattijon ya ce shi shekararsa saba'in bai taɓa jin inda wanki ya rage wa kaya daraja ba. Lawali ya miƙe tsaye, ya rantse da Allah ba damfara ba ce, ya sake farowa daga tagar gilashi, ya rikice a tsakiya don shi kansa bai gama ganewa ba, ya koma kan injiniyan da bai iya dalma ba. Yana magana yana jin yadda zancen ke fita kamar na mai zazzaɓi.

Daga bakin ƙofa Kubura ta ce, "Yaya, don Allah ka zauna. Ka bar ɗora wa kanka. Kai da ka sa kuɗinka da ƙarfinka ka gyara muna? Tun muna yara ban taɓa ganin ka ɓata abu ba. Allah bai nufa ba ne, shi ke nan."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi, wallahi da ya fi. Malam ya yanke cewa babu laifi a kan wanda ya yi gyara da kyakkyawar niyya, a kan abin da babu wanda ya shaida ya lalace. Aka sa wa fanel ɗin ƙimar da ɗan gwangwan ya fara faɗa, ya faɗa cikin rabon Kubura. Aka yi fatiha. Har dattawan nan suka bi Lawali waje suna yi masa godiya.

Lawali yana nan a rumfarsa har yau, yana gyaran fitila da fanka. Yana wankewa kamar da, hannu ya riga ya saba, sai dai yanzu in ya ga takarda manne a jikin wani abu yakan tsaya ya daɗe yana kallonta, mai kaya yana jira. Tinƙahon nan na shekara talatin ya daina yi. In 'yan layin suka tayar da zancen Turawan da suka so cutar Lawali, sai ya tashi ya tafi alwala ko lokaci bai yi ba.

An sayar da gidan kafin ruwa ya sauka, wani mai gina ɗakunan haya na ɗalibai ya saya. Lawali ya share ɗaki guda a gidansa na Gwandu, ya ɗauko a-kori-kura ya tafi kwaso Kubura da 'ya'yanta. Suna ɗora gado da tukwane magini yana auna bango da igiya, yana jira su fita. 'Yan matan biyu suka hau baya suka zauna a kan katifa. Kubura ce ta fito ƙarshe. Ta ja ƙofar, ta sa kwaɗo ta kulle yadda ta saba yi shekara ashirin da biyu, ta kama bakin mayafi za ta ɗaure makullin, sai ta tsaya. Ta dubi maginin, ta dubi makullin.

"Yaya," ta ce, "karɓi ka miƙa masu. Ni ba na iyawa."

Lawali ya miƙa hannu ya karɓa.